Sanin Fuskar OpenRefine Kafin a Fara Tsabtace Bayanai

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa maza da mata, barkanmu da haɗuwa. Na ga wasu har sun fara danne-danne. Ku ɗan dakata tukuna, sai mun san ɗakin kafin mu fara shara.

Manhajar da za mu duba yau sunanta OpenRefine, ta gyara kurakurai ce a cikin teburin bayanai. Kamfanin Metaweb ne ya ƙirƙiro ta da sunan Freebase Gridworks. A 2010 Google ya sayi kamfanin, ya raɗa mata Google Refine, a 2012 kuma ya janye hannunsa ya bar wa masu aikin sa kai, daga nan ta samu sunan da muke kiranta da shi. Kyauta ce.

Abin da ke fara rikita mutane shi ne, da ka kunna ta sai ta buɗe a cikin burauza, mutum ya zaci bayanansa sun tafi intanet. Ba su je ko'ina ba. Ku dubi adireshin da ke sama, 127.0.0.1:3333. Wannan lambar tana nufin kwamfutar da ke gabanka ce. Ko ka kashe data, aiki zai ci gaba.

A hagu za ka ga Create Project. Nan ake ɗauko fayil, ko CSV ne, ko Excel, ko JSON. Kafin ta shigar da shi sai ta nuna maka samfurin yadda ta karanta shi, kuma a nan ne gaggawa ke kayar da mutane. Tsaya ka duba: layin farko ya zama kanun ginshiƙai, wato jerin da ke sauka daga sama zuwa ƙasa a teburi? Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun fito daidai, ko sun koma wasu alamomi marasa kan gado? In sun lalace, gwada sauya tsarin haruffan zuwa UTF-8 tun a wannan matakin. Gyaran minti ɗaya ne a nan, amma in ka wuce sai ya cinye maka yini.

Da an shiga, sai ka ga teburi a tsakiya yana nuna layi goma kacal. Wanda ya saba da Excel yakan ce ina sauran? Suna nan, ga adadinsu a rubuce a sama. Da gangan aka yi haka, domin ba a gina manhajar don ka riƙa bin layi ɗaya-ɗaya da ido ba. Da ginshiƙi ake aiki. A kan kowane ginshiƙi akwai ɗan ƙaramin kibiya mai kallon ƙasa, kuma kusan duk ƙarfin manhajar a ƙarƙashinsa yake.

Danna shi a wani ginshiƙi, a ce na jinsi, ka zaɓi Facet, sannan Text facet. Wani akwati zai bayyana a hagu ya jero duk abin da aka rubuta a ginshiƙin, da sau nawa kowanne ya fito. Kai ka san amsa biyu ce, namiji ko mace. Sai ka tarar da bakwai: wani ya rubuta da babban baƙi, wani ya sa N kawai, wani ya bar tazara a ƙarshen kalma wadda ido ba ya gani. A wurin kwamfuta duk daban suke. Ka gyara sau ɗaya a cikin akwatin, sai duk layukan da ke ɗauke da kuskuren su gyaru tare. Ni a ganina, wanda ya iya wannan akwatin ya iya rabin manhajar.

A cikin akwatin akwai maɓallin Cluster, mai tattaro rubuce-rubucen da suka yi kama. Hanyarsa ta farko tana mayar da haruffa ƙanana, ta cire alamomin rubutu, ta sake jera kalmomin bisa tsarin abacada, sannan ta kwatanta. Saboda haka za ta kawo maka Ali Musa da Musa Ali a matsayin abu ɗaya, alhali ƙila mutum biyu ne. Shawara take bayarwa, kai ne mai yanke hukunci. Kada ka zaɓi duka ka haɗe ba ka karanta ba.

Malama, na ji tambayarki: in aka yi kuskure fa? Dubi hagu, kusa da Facet akwai Undo / Redo. Kowane mataki da kika ɗauka yana rubuce da lambarsa, kuma ko kin rufe manhajar kin dawo gobe, tarihin yana nan. Sai ki danna matakin da kike so ki koma. Sai dai ki kula, in kika koma baya kika yi sabon gyara, matakan da ke gaba sun tafi ke nan. Fayil ɗinki na asali kuwa ba a taɓa shi ba, kwafi ake yi wa aiki, sai kin danna Export a sama ta dama za ki fitar da gyararren.

To, yanzu kowa ya shigar da fayil ɗinsa, ya buɗe akwatin a kan ginshiƙi ɗaya. Kada a gyara komai tukuna. Wanda ya ga abin da bai zata ba ya ɗaga hannu, zan zagayo.