Injin yankan itace da ɗumama gida: abin da mutanen ƙasashen sanyi suka haɗa da shi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayena maza da mata, da ɗalibai ƙannena, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi bayani a kan injin yankan itace da yadda ake ɗumama gida da itace, kuma mafi yawan misalaina zan ɗauko su ne daga Norwe da Suwidin da Finlan, domin a can ne sanyi yake sauka ƙasa da sifili na tsawon watanni, har wutar ɗaki ta zama abin da rayuwa ta rataya a kai. Abin da nake so mu fahimta shi ne, mutanen can ba su tsaya ga inji kaɗai ba, sun haɗa shi da dokar daji, da haƙurin busar da itace, da murhu mai bututun hayaƙi, alhali mu a nan injin kawai muka ɗauko.

Injin bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1926 wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart, a 1927 Emil Lerp na kamfanin Dolmar ya fito da mai shan fetur, sannan Stihl ya biyo da nasa na fetur a 1929. Waɗannan na farko sun haura kilo 40, sai mutum biyu suke iya riƙe su, kowa da gefensa. Haƙorin sarƙar da ake amfani da shi yau kuwa wani mai saran itace ne a Amurka, Joseph Cox, ya samo dabararsa bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro take cin kututture, tana gutsura dama tana gutsura hagu, kuma a 1947 ya fara ƙera irin wannan sarƙa a jihar Oregon. Zuwa 1959 Stihl ya fitar da inji mai kilo 12 wanda mutum ɗaya zai ɗauka, kuma a shekarar ce kamfanin Husqvarna na Suwidin, wanda asalinsa maƙerar bindigogi ce, ya shiga sana'ar. Daga nan aikin da majiya ƙarfi suke wuni suna yi da gatari da zarto ya koma na ɗan lokaci.

A nan zan ɗan daɗe, saboda na san akwai masu riƙe wannan inji a cikinmu. Sarƙarsa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, wato kafin mutum ya ankara ya janye hannu, haƙora masu yawa sun riga sun wuce ta wurin. Haɗari mafi muni yana zuwa ne daga saman bakin ƙarfen da sarƙar take zagayawa. Idan wannan wuri ya taɓa reshe ko dutse ko ƙusa, haƙoran sukan cije maimakon su yanka, sai injin ya yi tsalle sama ya nufo fuska da kafaɗar mai riƙe da shi. Saboda haka ne tun shekarun 1970 aka sa masa birki a gaban hannun hagu, wanda yake tsayar da sarƙa nan take. Duk wanda ya cire wannan birki saboda wai yana rage masa sauri, to ya sani da ransa yake wasa. Haka nan ba a yanka abin da ya wuce tsayin kafaɗa, ba a riƙe inji da hannu ɗaya, kuma babban yatsan hagu dole ya zagaye mariƙi. Wandon da ma'aikatan daji suke sawa a Turai an cusa masa dogayen zaruruwa, waɗanda idan sarƙa ta kama su sai su cushe injin ya mutu kafin ya kai ga tsoka. Ƙararsa kuma ta haura ma'aunin desibel 100, wadda take kashe ji a hankali, shi ya sa toshe kunne ba ƙawa ba ne.

Akwai kuma abin da masu sana'a suka sani amma sabon shiga yake rainawa, wato wasa haƙora da magagari. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take zubarwa, kuma da kanta take shiga itace. Idan kuka ga tana fitar da gari kamar dusa, ta dakushe, kuma dakusasshen inji ya fi mai kaifi haɗari, domin shi ne yake sa mutum ya danna da ƙarfi har ya gaji hankalinsa ya rabu. Man da yake sha ma gauraye ne, yawancin injinan zamani kashi 50 na fetur ake haɗawa da kashi 1 na man da aka yi domin irinsu. Zuba tsohon baƙin man mota, kamar yadda wasu suke yi don tsimi, yana ƙona injin ne kawai.

To, an kayar da bishiya an datsa ta gungume-gungume. Inji ya gama nasa, amma abin da zai ɗumama ɗaki bai samu ba tukuna. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma kafin ya ba da zafi sai wuta ta fara tafasa wannan ruwa ta kore shi. Kilo ɗaya na busasshen itace, wanda ruwansa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, yana ba da kimanin kilowat-awa 4 na zafi, ɗanye kuwa wajen rabin haka yake bayarwa, ga hayaƙi mai yawa. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan aka auna kilo da kilo, busassun itatuwa kusan zafi ɗaya suke bayarwa. Bambancinsu yana cikin nauyi ne. Abin da ya sa matanmu suke fifita marke da ƙirya a kan itace mai sakwaf, shi ne ya sa mutumin Norwe yake fifita bishiyar birch mai farin ɓawo a kan itatuwan katako marasa nauyi: guntu ɗaya ya ƙunshi itace mai yawa, yana daɗewa yana ci, yana barin garwashi.

Saboda haka magidanci a can yakan sari itacensa a ƙarshen hunturu, ya yi faskare tun itacen yana ɗanye domin ya fi saurin tsagewa, ya jera shi a kan wani abin da zai raba shi da ƙasa, ya rufe samansa kawai ya bar gefe a buɗe iska tana ratsawa. Itacen da zai ƙona a hunturu mai zuwa ke nan, kuma mai tauri irin oak yakan nemi shekara biyu. Ana gane ya bushe idan bakinsa ya tsattsage, ya yi sauƙin ɗauka, kuma idan aka buga biyu suka ba da amo mai kaifi. Lamarin ya shiga jinin mutanen har a shekarar 2013 gidan talbijin na ƙasar Norwe ya yi shiri na awa 12 a kan itacen wuta, kuma masu kallo suka yi ta gardama a kan ko ɓawo sama ya kamata ya kalla ko ƙasa idan ana jeri. A Ingila ma, tun watan Mayu na 2021 doka ta hana sayar da ɗanyen itace ga gidaje idan tarinsa bai kai kubik mita 2 ba, sai wanda ruwansa bai wuce kashi 20 ba.

Dalilin wannan tsanani ya wuce asarar zafi. Hayaƙin ɗanyen itace yana sanyaya a cikin bututu, ya manne a jikinsa ya zama baƙar kwalta, wadda rana ɗaya za ta kama da wuta ta cinye rufin gida. Shi ya sa a Norwe hukumar kashe gobara take aika masu share bututu gida-gida.

Murhun kansa ma an yi masa aiki. Wutar da aka hura a fili cikin ɗaki, mafi yawan zafinta bututu yake bi ya fice. A 1767, lokacin da masana'antun narkar da ƙarfe suke cinye dazuzzukan Suwidin, aka ɗora wa Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede aikin neman mafita, sai suka tsara murhun tubali wanda hayaƙi yake kewaya dogayen hanyoyi a cikinsa kafin ya fita, tubalin ya sha zafi ya riƙa sakinsa a hankali har tsawon sa'o'i bayan wuta ta mutu. Norwe kuma tun 1998 ta wajabta cewa duk sabon murhu ya zama mai shigar da iska karo na biyu, domin hayaƙin da zai fita ya sake kamawa ya ƙone. Game da daji kuwa, dokar Suwidin ta 1903 ta tilasta wa wanda ya sare daji ya tabbatar wani ya tsiro a wurin.

Idan muka dawo gida, bushewar itace ba ita ce babbar matsalarmu ba, domin iskar hunturu tana yi mana wannan aiki, sai dai da damina. Matsalarmu ta farko ita ce inji yana kayar da bishiya cikin mintoci, ita kuma bishiyar shekaru da dama ta yi kafin ta kai haka. Mun ga yadda aka kwashe madobiya daga dazuzzukan Taraba zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Ghana ta haramta tsaga katako da wannan inji don sayarwa tun 1998, amma sana'ar ba ta tsaya ba, wanda ya nuna cewa doka a takarda ba ta isa ba idan babu mai tsaron daji kuma babu wata hanyar abinci. A ganina darasin da ya fi dacewa da mu yana kusa, a Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, kuma daga rassan da suke ragewa suke samun itacen girki.

Matsala ta biyu ita ce ɗakunanmu ba su da bututun hayaƙi. Idan muku-mukun sanyi ya shigo, a Jos ko Mambila ko ma Kano, sai a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, a kwanta. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau sama da 200. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Idan za a ji ɗumi, a ji shi taga tana buɗe, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, kuma idan aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai, a fitar da su sarari nan take a garzaya da su asibiti, ko da sun ce sun ji sauƙi.

Shugaba, a nan zan dakata domin a ba masu tambaya dama. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.