Famfon wankin gilashi ya ƙi tashi? Ku biyo wayar wuta tukuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan Maradi. Ƙane riƙe salular da kyau, matso kaɗan su ga baro ɗin. Yauwa.

To yau darasinmu kan famfon wankin gilashi ne, wanda muke wanke tagogin benaye da farantan sola da shi, tunda hazo ya sauko ƙura ta rufe komi aiki ya yi yawa, kuma daidai lokacin ne kayan ke tsiya. Ga tsarin nan gabanku: batir mai bolt 12, fizibil wato fiyus mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, sai ƴar akwatin nan mai daidaita gudun ruwa wadda muke ce ma regilatar, ƴan uwanmu na Katsina su ce kwantirola, sannan famfo, sannan tiyo har kan sanda mai buroshi. Famfon ƙirar Shurflo ne mai matsin ruwa 100 psi, kusan bar 7 kenan, yana turo ruwa wajen lita 5 a minti.

Wanga da kuke gani na wani abokin aiki ne, jiya ya turo shi ya ce regilatar ta ƙone in nemo mai sabuwa. Na ce mai Malam dakata. Don ni wallahi na taɓa yin wannan asarar, bara na yi odar sabuwa jikkuna masu yawa sunka tafi, na jira ta sati uku, ta zo na ɗaura, cutar tana nan inda take. Ashe gidan fizibil ne ya yi tsatsa. Abin da ɗan sanfefa zai gyara. Tsohuwar tana nan cikin kwali lafiyarta lau, kullum na gan ta sai raina ya ɓaci.

Mu fara daga batir. Mitar awon wuta ga ta, ka murza ta kan inda anka rubuta DC 20, jan tsinke kan ja, baƙi kan baƙi. Nawa ta ba da ƙane? 12.5. Batir irin wannan in ya cika ya huta za ka ga 12.6 ko 12.7, in ka ga ya sauko 12.0 to ya ci wajen rabi ko fiye. Amma nan ne mutane ke ruɗewa, su auna batir yana zaune ba ya aikin komi su ce ai da wuta. Batir da ya mutu ma yana iya nuna maka 12 da wani abu in ba kaya a kansa, kana kunna famfo ya zube ƙasa. Kuma zafin garin nan na watan huɗu da ke haura digiri 40 yana cin batir da wuri, balle wanda ake bari cikin rana. Saboda haka a auna famfo yana juyawa, wannan shi ne awo.

Kunna. Kun ji ya yi gurnani kaɗan ya tsaya? Duba fuskar akwatin, ta rubuta BAT. Wato tana cewa wuta ta yi ƙasa, irin wannan tana yanke ma famfo wuta in ta ga an sauka wajen 10.5 don kar batir ya lalace. To amma mitata tana kan batir kuma ba ta sauka ƙasa da 12.3 ba. Batir na cewa ina da wuta, akwati na cewa ban gani ba. Ke nan tsakaninsu ne ɓarawon yake.

Yanzu na maida tsinken mita bakin shigar regilatar. Sake kunnawa. Kun gani? 10.4. Kusan bolt biyu sun ɓace cikin wayar da ba ta kai taku uku ba. Ga dabara mai sauƙi ko ba ka da mita: bar shi ya yi ta ƙoƙarin tashi, ka bi wayar da yatsa, duk mahaɗar da ta yi ɗumi nan ne. Kai, ga shi nan, kan batir ɗin. Matso da kamara. Kun ga wannan farin gari da kore-kore kamar kanwa ta jiƙa? Kuma dubi yadda anka ɗaura wayar, murɗa ta kawai anka yi anka naɗe da leda, silin tagullan rabi sun tsinke, ina ga guda biyar ne sunka rage ke ɗauke da kayan duka. Famfon nan in yana turi sosai yana jan amfiya 6 zuwa 7, ta ina za su bi?

Kafin in taɓa, zobe da agogo a cire, a fara kwance baƙar waya. Sifana in ta haɗa kai biyu na batir ba wasa ba ne. Zan yanke wurin da ya ci, in fere sabo, in sa kan waya na ƙarfe in matse da filaya, in goge kan batir sai ya yi ƙyalli, in shafa ɗan giris. Ita ma wayar ta yi siriri, irin ta rediyo ce, ku nemi mai kauri 2.5 mm² kuma kar ta yi tsawon banza.

Bari ina yi ina ba ku sauran. In akwatin ba ta kawo haske ko kaɗan, fizibil za ka fara dubawa, yawanci mai amfiya 7.5 ake sa ma irin wannan tsarin, kuma kusa da batir ake ɗaura shi kan jar waya. In ka sa sabo ya sake tsinkewa nan take, ko waya ta goge jikin ƙarfen baro tana taɓawa, ko famfo ya cije. Don Allah a daina naɗa mai takardar taba ko silin waya, na san muna yi, ni ma na yi da ƙuruciya, amma ranar da ta kama wayar ce za ta zama fizibil ɗin, ga jarkoki na roba kusa. Sannan wanda ya cire batir ya kai caji ya dawo da asuba cikin duhu ya juya ja da baƙi, wannan kam yana iya kashe akwatin da gaske.

In kana zargin famfo, cire wayoyinsa biyu daga regilatar ka kai su batir kai tsaye, da fizibil a tsakani. Ya tashi da ƙarfi? To ba ruwansa. Bai tashi ba, sai ka dubi kan famfon, akwai ɗan makunni mai yanke wuta in matsi ya kai, presosta, wayoyi biyu ke shigarsa. Zare su ka haɗa su da juna. In ya tashi to ɗan makunnin ciki ne ya ƙone, shi kaɗai ake canzawa. Gwaji ne fa, ba a barin shi haka a tafi aiki. In har yanzu shiru, ɗan ƙwanƙwasa jikin motar famfon da ƙotar sukudireba, in ya zabura ya tashi to gawayin ciki mai kai ma motar famfon wuta ya cinye.

Sai in akwatin ta rubuta DE, wato ta ɗauka an rufe ruwa, wadda ta fi ba mutane haushi. Wannan ba lalacewa ba ce. In ka rufe ruwa matsi ya ƙaru, famfo ya ƙara jan wuta, akwatin ta ji ta tsaida shi. To in saitin inda akwatin ke tsaida famfo ya yi ƙasa, kana miƙa sanda hawa na biyu sai ta ɗauka ka rufe ne, don duk mita 10 na tsawo bar 1 ne ke ƙaruwa a kan famfo, ga tsawon tiyo. Ka miƙe sandar iyakar inda kake aiki, ruwa na fita, sannan ka yi saitin. Ka kuma duba tiyo bai lanƙwashe ba, ƙofofin buroshi ba su toshe ba. Af, wajen miƙa sanda a riƙa ɗaga kai, wayoyin lantarki na unguwanninmu ƙasa-ƙasa suke, sanda jiƙaƙƙiya kuwa ba ta da amana.

In famfo na ta juyawa da sauƙi ba ruwa, wannan ba wuta ba ce, iska ya sha ko rariyar bakinsa ta cika da rairayi, kwance ka wanke.

To na matse. Maida baƙar. Kunna ƙane. Yauwa, kun ji muryarsa ta sake? Bakin akwati 12.1, BAT ta tafi. Kai kauda sandar, ka jiƙa mini takalmi! Kashe, kashe. Kira mai famfon ka ce ya zo ya ɗauki kayansa bayan la'asar, ya taho da waya mai kauri mita biyu mu canza ta gaba ɗaya.