Kafin a Yi Filasta: Shirya Intanet, Talabijin da Sauti a Sabon Gida

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon na masu gini ne, a Garwa kuke ko Marwa ko Ngaundere, musamman wanda aka gama masa jera bulo amma ba a yi filasta ba tukuna. Alhaji, ka ɗan dakatar da magini, ka kira mai aikin wuta, ku zagaya gidan tare da alli a hannu.

Ku duba wannan bangon. Bulon siminti ne, ga kuma rodi a cikin ginshiƙi. Wi-Fi ba ya ratsa irin wannan da daɗi. Wi-Fi ɗin da aka saba da shi iri biyu ne: na 2.4 GHz ya fi nisa amma a hankali yake tafiya, na 5 GHz ya fi gudu amma bango biyu kan isa su raunana shi. Gidajenmu kuwa sashe-sashe ne: ga zaure, ga turakar maigida, ga ɗakunan iyali can cikin gida. Na'ura ɗaya a falo ba za ta wadatar da su ba. Shi ya sa nake cewa duk abin da ba ya motsi, kamar talabijin da kyamarar tsaro da kwamfutar tebur, a ja masa kebul. A bar wa wayoyin hannu Wi-Fi.

Sai a zaɓi wuri ɗaya da duk kebul za su haɗu. A nan na'urar intanet za ta zauna, ko layin Camtel ne ko na MTN ko Orange, tare da na'urar rarraba layi da mai naɗar hoton kyamara. Don Allah kada a sa su cikin silin. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, ya san abin da ke ƙarƙashin kwano. A samo musu lungu mai iska, a ɗaga su sama da ƙasa, a akwatin da ƙurar hunturu ba za ta cika shi ba.

Daga nan kowane ɗaki ya samu nasa bututun roba a cikin bango, mai faɗin milimita 25, a bar zare mai ƙarfi a ciki. Bututun nan ya fi kebul ɗin kansa muhimmanci a wurina, domin duk ranar da aka so sauyi, ja kawai za a yi, ba fasa bango. A nisanta shi da wayar wuta kamar kamu ɗaya, in dole sai sun haɗu, to su gitta juna su wuce. Kafin magini ya rufe, ɗauki hoton kowane bango da wayarka.

Kebul ɗin da za a saya shi ne Cat6, kuma kada layi ɗaya ya wuce mita 100. A kula sosai a kasuwa: akwai mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare bakinsa da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye musu kayansu. Na jan ƙarfe zalla ne ke ɗaukar PoE lafiya, wato kebul ɗaya ya kai wa kyamara wuta, ya kuma dawo da hoto.

Bayan kowace talabijin a ajiye Cat6 biyu, da kebul ɗin tauraron ɗan adam ɗaya saboda Canal+. HDMI, wato kebul ɗin da ke kai hoto da sauti daga dikoda zuwa talabijin, ba ya son nisa, da ya wuce mita 10 zuwa 15 hoto kan fara yankewa, sai dai a bi da shi ta Cat6 da 'yar na'ura a kowane ɓangare.

Sauti kuma, kowane sashe da nasa maɓallin ƙara murya. Hajiya na sauraron karatun Alƙur'ani a ɗakinta, bai kamata sharhin ƙwallon samari ya biyo ta ba. Haka kyamara: ƙofar gida, zaure da wurin ajiye mota sun isa. Tsakar gida wurin iyali ne, ina roƙon a bar musu sirrinsu.

Saura batun wuta. Kayan wannan akwatin ba su da ci sosai, ƙaramin batir da sola zai riƙe su idan an ɗauke, don haka a ware musu layinsu daban da na firji da na'urar sanyaya ɗaki. Da damina kuma tsawa ce abin tsoro. A kafa sandar ƙarfe ta kariya a ƙasa, a sa abin tare hauhawar wuta. Idan sashen iyali gini ne daban, kada a rataya kebul a sama daga rufi zuwa rufi. A binne shi cikin bututu, in da hali ma a sa na faiba, tunda shi gilashi ne, wuta ba ta bin sa.