Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Ziyarar da Ya Kawo Sashen Tiyatar Ƙashi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, mai girma Babban Sakataren ma'aikata, shugaban wannan asibiti da 'yan kwamitin gudanarwa, wakilin mai martaba Sarki, iyayenmu hakimai da malamai, abokan aiki likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da masu ɗaukar hoto, 'yan jarida, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin kwamitin bincike na wannan sashe, da duk ma'aikatan da ke kwana suna tashi da masu karaya, ina yi maka barka da zuwa, ranka ya daɗe, kai da 'yan tawagarka. Mun san yawan ayyukan da ke gabanka, mun kuma san cewa da ka ga dama da ka turo wakili ya karɓi rahotonmu ya kai maka ofis, amma ka zaɓi ka tako da ƙafarka ka ga masu jinya a kan gadajensu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Za mu yi amfani da wannan dama mu gabatar maka da magana guda ɗaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato bin sawun mai karaya bayan an sallame shi, domin a tabbatar da abin da aikinmu ya haifar a jikinsa da rayuwarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023 kan kiyaye haɗurra, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, sannan nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a. Waɗanda suka ji rauni suka rayu kuwa sun kai miliyan 20 zuwa 50. Su ne namu. Su ne ɗan acaɓar da mota ta bi ta kan ƙwaurinsa, da fasinjan A Daidaita Sahu, da magini da ya zamo daga tsani, da yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, da kuma, a 'yan shekarun nan, manomin da harsashi ya farfasa wa ƙashin cinya a gonarsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ƙidaya waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata a bakin titi, aikinta ke nan kuma tana yi. Ƙidayar wanda ya koma gida da ɗingishi, ko ƙafa ɗaya ta gajarce, ko gwiwa ta sandare, ko ciwo yana zubar da mugunya shekara guda bayan tiyata, wannan a wuyanmu take, mu ma'aikatan asibiti.

Ranka ya daɗe, ba iya aiki ne ya yi mana ƙaranci ba. Tun 1959 aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma shi da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu sun yaye likitoci da ma'aikatan jinya da masu ɗaurin filasta da suka bazu ko'ina a ƙasar nan. Dabarar zura dogon ƙarfe ta cikin ramin ɓargo don a riƙe ƙashin cinya, wadda Gerhard Küntscher ya fara a birnin Kiel na Jamus a 1939, yau aiki ne da likitocinmu ke yi a kai a kai, kuma mutumin da a da zai shafe makonni shida zuwa takwas ko fiye kwance, an rataya wa ƙafarsa nauyi tana ja, yanzu yakan miƙe da sandar dogarawa cikin 'yan kwanaki. Inda gizo ke saƙar shi ne, fayil ɗin mara lafiya yakan rufe ne ranar sallama. Akan rubuta cewa an sallame shi cikin yanayi mai kyau, a ba shi ranar dawowa, to daga nan sai wanda ya dawo, alhali ƙashin babban mutum yana buƙatar watanni kafin ya haɗe, kuma yawancin matsalolin da ke lalata aiki sai bayan an koma gida suke bayyana.

Wannan damuwa ba a kanmu aka fara ta ba. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, wani likitan fiɗa a birnin Boston na Amurka, Ernest Codman, ya dage cewa wajibi ne kowane asibiti ya bi kowane mara lafiya har a ga ƙarshen al'amarinsa, idan aikin bai yi kyau ba a binciko dalili. Ya tanadi kati ga kowane mutum, yana neman labarinsa bayan shekara guda, kuma a ƙaramin asibitin da ya buɗe ya wallafa sakamakon mutum 337 da ya sallama tsakanin 1911 da 1916, har da kurakurai 123 da ya lissafa da hannunsa. Abokan aikinsa ba su gode masa ba a lokacin. Haka kuma likitocin ƙasar Suwizalan da suka kafa ƙungiyar AO a 1958, waɗanda faranti da kusoshin da muke ɗaura wa ƙashi a yau suka samo asali daga aikinsu, ba da baki suka shawo kan duniya ba. Sun ajiye hoton kowace karaya kafin aiki da bayan aiki da bayan watanni, har hujja ta taru ta yadda mai musu ya rasa abin cewa.

Zan ɗan tsaya a kan abin da irin wannan bincike ya canza a hannunmu, musamman a karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, domin ita ce ta fi cinye mana ƙafafu. A 1976 wasu likitoci biyu, Gustilo da Anderson, suka bi diddigin irin wannan karaya guda 1,025, suka kasa ta mataki-mataki gwargwadon girman rauni da ƙazantarsa, kuma har gobe da wannan ma'auni likita ke yi wa ɗan'uwansa bayani a waya cikin dare. Bincike ya kuma tabbatar da cewa gaggauta ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta, tun a sa'ar farko in da hali, yana rage ruɓewar ciwo ƙwarai. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin CRASH-2, wanda ya haɗa majinyata 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, ciki har da Nijeriya, aka ga cewa allurar tranexamic acid, mai araha, tana rage mutuwar masu zubar jini bayan haɗari, daga baya kuma aka gane cewa amfaninta yana cikin sa'o'i uku na farko. Sai gwajin FLOW na 2015, wanda ya duba yadda ya fi dacewa a wanke irin wannan rauni a ɗakin tiyata: waɗanda aka wanke wa da ruwan sabulu kusan 15 cikin ɗari sai da aka sake yi musu aiki, waɗanda aka wanke wa da ruwan gishirin asibiti zalla kuwa kusan 12 cikin ɗari, sannan tsiyaya ruwan a hankali bai gaza na'urar feshi mai tsada ba. Kafin wannan gwaji likitoci da yawa sun ɗauka sabulu ya fi, kuma da hankali kaɗai aka bi da an ci gaba da amfani da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To amma yawancin waɗannan alƙaluma an tattara su ne a wuraren da motar asibiti ke ɗauko mai rauni cikin mintuna. Namu majinyacin sau da yawa a bayan a-kori-kura ake kawo shi, bayan kwana biyu ko mako, an riga an shafa wa ciwon abin da aka shafa, jininsa ya yi ƙasa, wani ma yana da sikila, wadda ita kanta takan jawo ciwon ƙashi. Kuma abin da yake nema a wurinmu ya bambanta da abin da takardun awo na ƙasashen waje ke tambaya. Dattijon da aka sa wa ƙarfe a cinya tambayarsa ta farko ita ce ko zai iya sujada da zaman tahiya ba tare da kujera ba, ko zai iya tsugunawa a bayan gida, ko zai riƙe garma kafin damina ta faɗi. Ƙungiyar SIGN, wadda likita Lewis Zirkle ya kafa a Amurka a 1999, ta fahimci wannan: tana ba asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ƙarafan da ake iya sawa ba tare da na'urar hoto ta cikin ɗakin tiyata ba, bisa sharaɗin a riƙa aika mata bayanin kowane aiki da hotunansa, kuma daga cikin abin da ake aikawa har da hoton majinyaci a tsugune yana murmushi, a matsayin shaidar cewa ƙafa ta koma aiki. A ganinmu wannan awo ya fi kusa da rayuwar mutanenmu fiye da tambayar ko mutum yana iya shiga bahon wanka.

Ba zai yiwu a yi maganar karaya a ƙasar Hausa a tsallake masu ɗori ba, kuma ba mu zo nan don mu zage su ba. Suna kusa da jama'a, suna karɓar abin da ya sawwaƙa, an gaji sana'ar iyaye da kakanni, kuma karaya mai sauƙi da ba ta goce ba takan haɗe a hannunsu. Abin da ke sa mu kwana da baƙin ciki shi ne yaro ɗan shekara shida ko bakwai da ya karye a saman gwiwar hannu, aka jera karare aka naɗe da tsumma aka tamke. Hannu ya kumbura a cikin ɗaurin, jini ya kasa wucewa, yaro yana kuka dare da rana ana cewa ƙashi ne ke kamawa. Yatsu su yi sanyi, su yi fari, su koma baƙi, kuma ranar da aka kawo shi wari ya riga shi shigowa ɗaki. A nan babu abin da ya rage sai yankewa, sai kuma labari ya koma ƙauye cewa asibiti yanke hannu ake yi, na gaba ya ƙara jinkiri. Rajistar masu karaya da za mu roƙa a kafa za ta nuna daga waɗanne garuruwa irin waɗannan yara ke fitowa da kuma kwana nawa suke yi kafin su iso, ta yadda za a zauna da masu ɗorin wuraren, ta hannun iyayenmu hakimai da dagatai, a koya musu alamomin da in sun gani za su kwance ɗauri su turo yaro a ranar.

Abin da muke roƙo, ranka ya daɗe, bai kai kuɗin na'ura guda ta zamani ba. Muna roƙon ma'aikata ta amince da rajistar karaya guda ɗaya da manyan asibitocin jiha za su riƙa cikawa da tsari iri ɗaya, tun daga sa'ar da aka ji rauni da sa'ar da aka yi allurar farko, har zuwa halin da mutum ke ciki bayan wata uku da wata shida da shekara, tare da amincewar majinyaci da sahalewar kwamitin ɗa'ar bincike. Wannan yana buƙatar ma'aikatan adana bayanai na dindindin, da kwamfuta, da katin waya, domin lambar da ke kan katin asibiti sau da yawa ta maƙwabci ce ko ta ɗan'uwan da ya rako shi, sai an kira sau uku ko huɗu kafin a sami mai ita. Yana kuma buƙatar ɗan tallafin kuɗin mota da na hoto ga wanda zai dawo daga nesa, tunda mutumin da ya sayar da akuya ya biya kuɗin ƙarfe ba zai sake sayar da wata ba don kawai likita ya ga ƙashi ya haɗe.

Akwai madogara a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan agaji, sannan dokar hukumar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet kan tiyata a duniya, a 2015, ya sa gyaran karayar da ƙashi ya fito waje cikin ayyuka uku da ake auna ƙarfin asibiti da su, tare da fiɗar haihuwa da fiɗar ciki, ya kuma nemi a ce jama'a na iya isa inda ake yin su cikin sa'a biyu. Idan rajista ta kankama, duk lokacin da za ka tsaya gaban majalisar dokoki kana kare kasafin kuɗin lafiya, za ka riƙe alƙaluman jiharka na ƙafafun da aka ceto da waɗanda aka rasa da dalilin rasa su.

Bayan wannan zama, shugabar ma'aikatan jinya za ta zagaya da kai ɗakin maza da na mata da na yara, sannan sashen gashi, inda wasu daga cikin waɗanda aka yi wa aiki suka yarda su gana da kai su ba ka labarinsu da bakinsu. Muna sake yi maka maraba, muna roƙon Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi maka jagora a wannan nauyi da aka ɗora maka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.