Amsoshin Tambayoyinku: Me ake dubawa a ganyen shayi kafin a sayar?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Gusau. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan shayi suke.

Ta farko daga wani mai shayi ce a Ƙaura Namoda. Ya ce ganye iri biyu yake saye, na kwali da kuma wanda ake aunawa a kasuwa a ƙulle a leda. Na awon ya fi araha, ya kuma fi saurin yin ja. Yana so ya ji ko da gaske ne ana gwada ganyen shayi, kuma me ake nema a ciki.

To Malam, ana gwadawa ƙwarai. A Najeriya aikin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993. Kafin ta ba kowane irin shayi lambar rajista, sai an kai samfurinsa ɗakin gwaje-gwaje, ko na gida ne irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila ta jihar Taraba, ko wanda aka shigo da shi daga Kenya ko Sin.

Da danshi ake farawa. A auna ganyen, a sa shi a tanda mai zafin digiri 103 na ma'aunin Celsius, a sake aunawa. Nauyin da ya ragu ruwa ne. Ganye mai danshi da yawa fumfuna zai yi a ajiya, kai kuma da ka saya ka biya kuɗin ruwa. Daga nan a ɗebi wani a ƙone shi ƙurmus a zafin digiri 525 har ya zama toka. A ƙa'idar duniya ta baƙin shayi, tokar nan kada ta gaza kashi 4 cikin 100, kada ta wuce 8. Sai a zuba mata asid. Abin da ya ƙi narkewa yashi ne da ƙasa, kuma ba a yarda ya haura kashi 1 ba.

Gwajin da ya fi shafarka, Malam, shi ne na abin da ganye ke saki a ruwa. Ana dafa shi sosai a ga nawa ya narke. Ganyen kirki ba ya kasa kashi 32 cikin 100. Da wannan ake kama wani ha'inci da ya daɗe a harkar shayi: a tattara ganyen da aka riga aka dafa, a shanya, a rina shi, a cakuɗa da sabo. Ido zai ga ganye baƙi wuluk, amma ƙarfinsa ya riga ya tafi a tukunyar wani.

Wannan kana iya ɗan bincikawa a teburinka. Jiƙa farar takarda da ruwan sanyi, ka barbaɗa ganyen a kai. Na gaskiya a hankali yake sakin launi, kuma kaɗan. In ka ga nan take ja ko ruwan goro ya bazu a jikin takardar, ka yi zargin rini. Ka lura fa, ruwan sanyi na ce. A tafasasshen ruwa, ganyen da aka niƙa ƙanana yana saurin yin ja ko da babu algus, don haka kada ka yi wa ɗan kasuwa ƙazafi a kan wannan kawai. Mayen ƙarfe kuma, in ka shafa shi a cikin ganyen, zai ɗauko garin ƙarfe in akwai.

Iyakar abin da za ka iya gani ke nan. Ragowar maganin ƙwarin da aka fesa a gona ba shi da launi, ba ya sauya ɗanɗano, sai na'ura ke gano shi. Shi ya sa nake ba ka shawara ka fi karkata ga na kwali mai lambar NAFDAC da sunan kamfani da ranar lalacewa. Wanda aka auna a leda, in wani abu ya faru ba ka da wanda za ka riƙe. Sannan lambar ba ta tsare ganye bayan ya shigo hannunka. Ka sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da kananzir da sabulu da maganin sauro, don ganyen shayi yana zuƙar wari da laima, musamman da damina.

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce daga Anka. Ta ji an ce ana samun dalma a shayi, tana tambaya ko tafasawa na kashe ta.

Hajiya, na san abin da ya sa wannan ya tsaya miki a rai. Ba wanda ya manta 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta hallaka yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Amsar ita ce a'a. Wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, dalma kuwa ƙarfe ce, ko an kwana ana tafasawa tana nan. Ganyen shayi yakan kwaso ta daga ƙasar gona ko ƙurar hanya ko injin sarrafawa, shi ya sa tana cikin abin da ake aunawa a ɗakin gwaji. Amma a wajenku, ni abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ake dafa shayin da shi, da turmin da ake daka citta da kanumfari. Turmin da ya taɓa dutsen zinare kada ya ƙara kusantar abinci, kuma a guji ruwan da ake wanke ƙasar ma'adinai a kusa da shi.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce a Talata Mafara, kan shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook. Ƙanwata, da yawa daga cikinsu filasko ne a ciki, wato zawo za ki yi, ruwan jikinki ne zai ragu ba kitse ba. Akwai kuma waɗanda gwaji ya tona an ɓoye musu wani magani mai suna sibutramine, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In babu lambar rajista da jerin abin da aka haɗa, kada ki sha. In kuma kin riga kin saya, ki kai kwalin ofishin NAFDAC da ke nan Gusau su duba.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.