Kwamfuta ba ta ce ka sayi wake ba

[Tudun Hatsi da hantsi, 'yan dako na sauke buhuna]

Assalamu alaikum jama'a. Nan Tudun Hatsi ce, a Gombe. Kwanan nan ƙorafi ɗaya ke ta yawo tsakanin masu ajiyar hatsi: "Na zuba lissafina a manhaja, ta nuna farashi zai hau, na saya na kimsa a sito, ga shi kasuwa ta faɗi." Har da mai cewa kwamfuta ta cuce shi. To Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, zo mu duba tare.

Abin da ake magana a kai shi ne tsarin da ke taimaka wa ɗan kasuwa wajen yanke shawara. Masana biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Gorry da Scott Morton, suka raɗa masa suna "Decision Support System" a 1971. Yau kuwa ko Excel ɗin da ke wayarka zai iya wannan aiki, balle Power BI da manyan kamfanoni ke amfani da shi.

Matakan farko ba wuya. Ka tara bayanai: nawa ka saya, nawa ka sayar, a wane wata. Ka gyara su, don idan yaron shago ya rubuta buhu a inda ake nufin mudu, lissafi ya tashi daga aiki. Sai manhaja ta zana maka wannan layin.

[Zanen farashi a allon kwamfuta]

Ku dube shi. Da kaka farashi ya sauka, da damina ya hau. Shekara biyar a jere haka.

A nan ne mutane ke rufe kwamfuta su nufi kasuwa, alhali aikin bai ma fara ba. Wannan layin labarin shekarun baya yake ba ka. Bai san cewa a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya za ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 ba. Bai san damina za ta yi albarka ba.

Matakin da ake tsallakewa shi ne gwajin "idan kaza ta faru fa?" Bari mu yi da alƙaluman misali. A ce ka sayi wake buhu 200, kowanne naira 60,000. Kuɗin dako, hayar sito, da buhun PICS mai hana ƙwari, a ce 5,000 a kan kowane buhu. Ke nan sai ka sayar da kowane buhu a 65,000 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Riƙe wannan lambar da kyau, ni a ganina ta fi duk zanen nan mai launi amfani.

Yanzu canza gida ɗaya tak a lissafin, wato gidan farashin sayarwa. Farashi ya kai 80,000: ribar miliyan 3. Madalla, ga murmushi. Mayar da shi 50,000.

[Lambobin sun koma ja]

Asarar miliyan 3. Murmushin ya tafi ko? Sake gwadawa: idan ka sayar da rabi da wuri fa? Idan ƙwari suka ɓata buhu 10 fa? Idan ajiyar ta kai wata takwas maimakon biyar? Kowanne, cikin daƙiƙa manhaja za ta ba ka amsa, kuma ba ta gajiya, ba ta jin kunyar gaya maka abin da ba ka so. Abokinka na rumfa kam sai ya ce "in sha Allah zai tashi", don kada ranka ya ɓaci.

Herbert Simon, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1978, ya raba yanke shawara gida uku: gano matsala, tsara hanyoyi, sai zaɓi. Biyun farko manhaja na taimakawa sosai. Na ukun fa? Ba ta san rabin jarin nan na yayanka ba ne. Ba ta san akwai aurar da 'ya bayan Sallah ba. Wani zai ɗauki asarar miliyan 3 ya kwana lafiya, wani kuwa shi ke nan, an rufe rumfa.

[Alhaji da wayarsa, a ƙofar sito]

Alhaji, buɗe lissafinka na bana. Gidan farashin nan, rage masa kashi ɗaya cikin huɗu, mu ga abin da zai fito.