Makinar Fatsar Ƙwaro: Yadda Za Ka Zaɓi Mai Araha Wadda Za Ta Jure Gishirin Bahar Maliya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda, da mutanen Makka masu gangarowa bakin teku ranar Juma'a da yamma, da na Yanbu da Jizan. Yau zancen makina za mu yi, ƙarfen nan mai hannu da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa don naɗe igiya. Wadda kuke gani a kan teburin nan ta bambanta da wadda aka saba gani a hannun masu jifa a Kornish ko Ubhur, bakin tekun Jidda. Wannan ta fatsar ƙwaro ce, kuma duk wanda ya gane aikinta ba zai zubar da kuɗinsa a banza ba.

A fatsar da muka sani, dalma ake ɗaurawa a zare, a soka guntun jatan lande a ƙugiya, a wurga. Nauyin dalmar ne ke jan zaren daga makina ya tafi da shi. A fatsar ƙwaro babu dalma, babu nama. Ƙugiya ce ake naɗewa da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, ko ɗan ƙaramin kifi, ko ƙaguwa. Ba ta da nauyin da za a iya wurga ta. Nauyin yana jikin igiyar, wadda take da kauri kuma an lulluɓe ta da roba. Ku dubi hannuna. Kafin in kaɗa sanda, da hannu nake warware igiyar daga makina in zube ta a gabana. Idan na yi jifa, da yatsuna nake jawo ƙwaron a hankali. Makina tana nan zaune, ba ta yi komai ba tukuna. Sai kifi ya kama ya zura da gudu, sannan aikinta yake farawa: ta saki igiya tana riƙe masa wuya, idan ya gaji ta naɗe.

Saboda haka idan kuɗinka ƙalilan ne, fara da igiya mai kyau, sannan sanda, makina ta zo daga baya. Mutum zai iya yin jifa mai kyau da makina mafi araha a kasuwa, amma da mummunar igiya ko gwani sai ya sha wahala. Tun da mun taɓo igiya, ka nemi wadda aka rubuta cewa ta ruwan gishiri ce ta ƙasashe masu zafi. Wadda aka yi don ruwan sanyi laushi take yi a ranarmu, ta riƙa mannewa tana cukurkuɗewa.

Sai dai akwai wani tarko. Yawancin shawarar da za ka ji a intanet daga Amurka da Ingila take fitowa, daga mutanen da ke kama kifin tirawut a ƙananan rafuka masu sanyi. Su a wurinsu makina ma'ajiyar igiya ce kawai, kowace iri ta wadatar, kuma gaskiya suka faɗa game da ruwansu. Mu kuwa Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana shekara zagaye. Ruwanmu Bahar Maliya ce, tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya: kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin sauran tekuna giram 35 ne. Rana tana ƙafar da ruwan, babu babban kogin da ke zuba sabo a ciki. Kifayenta kuma ba na wasa ba ne. Wanda ya taɓa riƙe bayad, kifin nan mai faɗin jiki da Turawa ke kira trevally, ko aƙam mai haƙoran nan, wato barakuda, ya san yadda suke fizgar igiya su nufi duwatsun murjani. Don haka makinarmu sai ta iya abin da ta rafi ba a neman ta da shi.

Mu fara da girma. Igiyar fatsar ƙwaro tana da lamba, kuma lambar nauyin ƙafa 30 na farkonta take nunawa, wajen mita 9 ke nan. Mai lamba 5 nauyinta kusan giram 9, mai lamba 8 kusan giram 13 da rabi, mai lamba 12 ta kusa giram 25. Sanda tana da lambarta, makina ma haka. Za ka ga an rubuta 5/6, ko 7/8, ko 9/10 a jikin kwalin. Ka daidaita su ukun, shi ke nan. Ga mai tsayawa a ruwa iya gwiwa a gaɓar Jidda yana neman kifin sha'ur da matsakaicin bayad, lamba 8 ko 9 nake ba shi shawara. Ita ce ke iya huda iskar yamma, kuma ba ta gajiyar da kafaɗa. Lamba 12 ta masu bin manyan bayad ce, kuma wannan wani fage ne da araha ba ta shiga.

Igiyar kanta ba ta wuce mita 30 ba. Kifi mai ƙarfi zai iya kwashe ta a gudu ɗaya. Shi ya sa ake fara naɗa siririn zare a ƙasa kafin a ɗaura igiyar a kansa, zaren ajiya ke nan. Ga lamba 8, ka nemi makinar da za ta ɗauki igiya tare da zaren ajiya mita 150 ko fiye, mai jure fam 20 ko 30. Masu ƙera makina suna rubuta wannan a bayanin kayansu. Idan mai sayarwa bai rubuta ba, ka wuce.

Yanzu ku kalli kwarkwaron nan guda biyu. Wannan cibiyarsa siririya ce, irin ta da. Wancan cibiyarsa mai faɗi ce, har yatsuna uku suna shiga. A yawancin makinonin fatsar ƙwaro babu giya mai ninka juyi, juyi ɗaya na hannu juyi ɗaya ne na kwarkwaro. Idan faɗin zaren da ke naɗe ya kai santimita 9, kowane juyi zai kwaso maka kusan santimita 28. Idan kifi ya kwashe zare har faɗin ya koma santimita 3, juyi ɗaya santimita 9 kacal zai kawo. Ga shi kuma bayad yana da ɗabi'ar juyowa ya nufo ka, igiya ta saki, ƙugiya ta fita daga bakinsa kana ta faman juyi.

Akwai abu na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma shi ya fi yin ɓarna. Ƙarfin birki da ka saita, wato abin da ke riƙe kwarkwaro idan kifi yana jan igiya, bai canza ba, amma yayin da faɗin zaren ke raguwa, ƙarfin da kifi yake buƙata don jan sa ƙaruwa yake yi. Daga santimita 9 zuwa 3, ya ninka sau uku. Wato daidai lokacin da kifi ya yi nisa, lokacin ne birki ke ƙara tsauri da kansa, sai zaren gaba, siririn nan da ake ɗaura ƙugiya a jikinsa, ya tsinke. Mai faɗin cibiya yana rage wannan matsala ƙwarai, kuma igiya ba ta nannaɗewa ta riƙe lanƙwasa. Alhamdu lillahi, yanzu har makinoni masu araha da faffaɗar cibiya suke zuwa. Hujojin da kuke gani a jikin kwarkwaron kuma ba ado ba ne, suna rage nauyi, suna barin iska ta busar da zare. Wani Ba'amurke, Charles Orvis, shi ya yi rajistar wannan ƙira tun 1874.

Sai birki, wanda nan ne nake so mu daɗe. Iri biyu ne. Na farko ɗan harshen ƙarfe ne da sifirin ke dannawa a kan haƙoran wata 'yar ƙaramar giya, yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas idan igiya na fita. Tsohuwar dabara ce, kamfanin Hardy na garin Alnwick a Ingila ya yi suna da irinta tun 1891, kuma ina ganin girmanta don da wuya ta lalace. Amma aikinta hana kwarkwaro zarcewa ne kawai, sauran riƙon da tafin hannunka za ka yi. A tekunmu ba ta isa ba.

Na biyu birkin fayafai ne. Wasu 'yan fayafai ne a jere, na kabon, ko na ƙarfe, ko na ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, idan ka murɗa maɓallin sai su matse juna. Shi muke nema. Kada ka ruɗu da masu talla da ke cewa birkinsu zai tsayar da kilo kaza. Santsi ya fi ƙarfi muhimmanci. Ga gwajin da nake yi: in matsa birki rabi, in kama bakin igiya in fizga da sauri. Idan ta fito sumul tun daga farko, madalla. Idan ta ɗan maƙale kafin ta saki, ko tana fitowa tana cijewa, wannan maƙalewar ce za ta tsinka zare a fizgar farko ta kifi. Sannan ka murɗa maɓallin daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko tsaurin yana ƙaruwa sannu a hankali. Wanda yake tashi daga sake zuwa kulle a rabin murɗi ba zai saitu ba a tsakiyar kokawa.

Yawan tsaurin kuwa, masu wannan harka sukan tsaya a wajen rubu'i zuwa sulusin ƙarfin zaren gaba. Ba sai ka sayi ma'auni ba. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi ne. Ka rataya ta a bakin igiya kai tsaye daga makina, ka saita birki har ta riƙa sauka a hankali. Ga zaren da ke jure kilo 6, wannan ya yi.

Za ka ji ana maganar rufaffen birki, wanda aka killace da zobban roba don kada ruwa da yashi su shiga. Idan rufin na kirki ne, alheri ne babba. Amma ra'ayina shi ne, a farashi mai rahusa sosai, buɗaɗɗen birkin da zan iya kwancewa in wanke ya fi kwanta mini a rai fiye da wanda aka ce rufaffe ne alhali ruwan gishiri yana shiga ya kasa fita. Wannan yana cin ƙarfe daga ciki ba ka sani ba.

Jikin makina kuma, ko dai na zubi ne ko na sassaƙa. Na zubi narkakken alminiyam ake kwararawa a cikin mazubi, kamar yadda maƙeranmu ke zuba tukwane a gida. Ya fi araha, yawanci fenti ake shafa masa, kuma idan ya faɗi a kan dutse yana iya tsagewa. Da fentin ya kwarzane, gishiri ya samu ƙofa. Na sassaƙa daga dunƙulen alminiyam guda inji mai kwamfuta yake fafe shi, sannan a tsoma shi a wani ruwa a sa masa lantarki, fatarsa ta yi tauri ta zama kariya. Shi ya fi dacewa da teku. A da sai mai hali, yanzu kuwa akwai na sassaƙa masu sauƙin kuɗi irin su Piscifun Sword. A ɓangaren zubi ma akwai waɗanda aka sani, kamar Redington Behemoth mai birkin kabon mai ƙarfi, da Lamson Liquid wadda jikinta na zubi ne amma birkinta rufaffe. Ko wacce ka ɗauka cikin irin waɗannan za ta yi maka aiki muddin kana wanke ta. An ce araha ba ta ado, to mu ba ado muka fito nema ba. Wadda dai ba na so ka kusanta ita ce ta roba zalla da ake haɗawa da sanda a kwali ɗaya a farashin abincin rana.

Yawancin shagunan kayan su a nan makinar jifa da dalma suke sayarwa, don haka mai yiwuwa ta intanet za ka yi oda. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, ka ninka, sannan ka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da kuɗin aikowa kafin ka ce ka samu araha. Idan ka ci karo da ta hannu a manhajar Haraj ko a kasuwar Sawarikh, kada ka biya sai ka cire kwarkwaron ka leƙa ciki. Farin gari a gindin kusoshi alama ce ta gishiri ya fara cin alminiyam inda ya haɗu da ƙarfen kusa. Ka girgiza kwarkwaron gefe da gefe, idan yana rawa, ko akwai gibin da siririn zare zai iya shigewa tsakaninsa da jiki, ka mayar wa mai shi kayansa. Ka tafi da sandarka ma, ka ɗaura ka ga ko ƙafar makinar ta zauna daram.

Kafin ka naɗa zare, ka yanke shawarar hannun da za ka riƙa juyi da shi. Yawancinsu da saitin hagu suke zuwa, ana kuma mayar da su dama ta hanyar juya wani ɗan zobe a ciki, takardar cikin kwalin tana nunawa. Idan ka riga ka naɗa mita 150 sannan ka canza ra'ayi, sai ka warware duka.

Duk ranar da ka dawo daga teku, ko ba ka kama komai ba, ka cire kwarkwaron, ka ɗauraye shi da jikin makinar da ruwan famfo a hankali. Kada ka yi amfani da tiyo mai ƙarfi, don yana tura gishiri can ciki. Ka warware igiyar da ta jiƙe ka wanke ta ita ma. Ka shanya su a inuwa, kada ka bar su a but ɗin mota cikin zafin Jidda. Idan sun bushe, ka sassauta birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye, domin fayafan da suka kwana a matse wata da watanni su ne ke fara maƙalewa. Ɗigon mai ɗaya a kan sandar tsakiyar makina da gindin hannu ya isa, amma fayafan kabon a bushe suke aiki, kada mai ya taɓa su sai idan takardar makinarka ta ce a sa.